Inna, Wannan Karon Mun Gane Shi Da Wuri

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Asabe, wadda ke kwance a maƙabartar Rurum Tsohon Gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifiyarsa, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci, ina sanar da ke cewa mu da kika bari muna nan lafiya, ni da ƙanwata Ladi da jikokinki, har da waɗanda aka haifa a bayanki ba ki san fuskokinsu ba.

Na san saƙo ba ya isa inda kike sai addu'a. Wannan a waya zan sa shi, inda jama'a za su gani, domin akwai masu iyaye irinki da ya kamata su ji. Amma da ke nake magana, su kuwa su saurara daga gefe.

Inna, ciwon da ya kwantar da ke ya zo mini ni ma. Shanyewar ɓarin jiki. Kada hankalinki ya tashi, domin da hannun da ya shanye ɗin nake danna waɗannan haruffa. Na tashi, na koma aiki, kuma ina so ki ji yadda aka yi.

Kin tuna ciwon kan nan naki na ƙeya. Kina tsaka da aiki sai ki tsaya, ki kwance ɗankwali ki sake ɗaure shi tamau, ki ce, "Rana ce ta buge ni, in na sha ruwa zai sake ni." Shekaru kika yi a haka. Babu wanda ya taɓa ɗaura miki abin awon jini a hannu, mu kuma ba mu san ana yi ba.

Ranar da kika faɗi kina bakacen dawa ne a tsakar gida. Faifai ya suɓuce, kika sunkuya ki ɗauka, ba ki ƙara miƙewa da ƙafarki ba. Ni lokacin ban daɗe da fara koyarwa a firamare ba. Da na iso na tarar gida ya cika. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa aka yi. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, kowa ya kawo abin da ya sani da zuciya ɗaya. Sai da kwanaki suka wuce aka kai ki asibiti, likita ya duba ya ce abin ya riga ya yi nisa.

Damina guda kika yi a kwance. Ladi ta baro ɗakin mijinta a Kahu ta zo ta tare a wurinki, tana juya ki, tana wanke ki, tana ba ki kunu da cokali kina sarƙewa. Idonki yana magana, bakinki ba ya iyawa. Kafin a yanke gero kika tafi. Na daɗe ina ɗauka cewa haka ciwon yake, in ya kama mutum sai dai a jira lokaci.

Ashe ba haka ba ne.

A 'yan shekarun nan wasu likitoci da ma'aikatan lafiya suka fara zuwa yankinmu, Rano da Kibiya da ƙauyukansu. Aka ce masu bincike ne, an ba su kuɗi musamman don su gano abin da ya sa wannan ciwo yake kayar da mutanenmu, da yadda za a tare shi tun bai zo ba. Da farko mutane sun yi ɗari-ɗari da su, kin san halinmu da baƙo mai yawan tambaya. Amma ba su zo da girman kai ba. Sun fara da gaishe da dagaci, suka zauna da limamai da malaman allo, suka bayyana musu abin da suke nema. Sannan suka horar da Malama Sa'adatu, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin garinmu. Ba ki san ta ba, 'yar Madachi ce, aure ya kawo ta.

Malama Sa'adatu ba ta zauna jiran mutane a asibiti ba. Duk inda mata suka taru, suna ne ko biki, sai ta je da abin awonta a jaka. Bayan an ci an sha sai ta nemi a ba ta ɗan lokaci. Abu uku take koya musu su lura da shi: baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe. Ta ce in an ga ko da ɗaya ne, kada a tsaya shawara, kada a ba mutum komai ta baki, a nemi mota.

Surukarki Hajara, matata, ta ji wannan a wani suna, ta dawo tana ba ni labari. Ta ce in je a auna ni. Muna cikin jarrabawa a makaranta, na ce sai an yi hutu. Babu abin da ke mini ciwo, Inna. Ko irin ciwon kan nan naki ban taɓa yi ba.

Wata Asabar da safe, lokacin cirar gyaɗa, ina zaune a kan tabarma ina shan koko kafin in tafi gona. Ludayi ya faɗi daga hannuna. Na kai hannu in ɗauka, sai na ga hannun yana kwance a cinyata kamar na wani. Na ji ɗumin koko yana bin haɓata. Na buɗe baki in kira Hajara, abin da ya fito ni kaina ban gane shi ba.

Tana wanke-wanke ta waiwayo. Ba ta yi ihu ba. Ta share hannu a zani, ta durƙusa a gabana ta ce, "Malam, yi mini murmushi." Na yi. Ta ce, "Ɗaga hannayenka duka biyu." Na hagu ya tashi, na dama ya ƙi. Ba ta ƙara tambayar komai ba, ta zari mayafi ta fita. Maƙwabcinmu Alhaji Bala yana loda hatsi a motarsa zai tafi kasuwa, ta sa aka sauke buhunan.

Kafin a fito da ni ƙanenki Kawu Isa ya iso. Ya tsufa yanzu, amma muryar tana nan. Da ya gan ni sai ya ce abin da ya taɓa yayarsa ne ya dawo gidan, a bar ni a ɗaki a kira mai magani, kada a jijjiga ni a mota. Wani ya kawo rubutu a kofi. Hajara ta tare da hannu, cikin ladabi ta roƙi kada a ba ni ta baki. Ina jin komai, Inna, ina ganewa, amma ba ni da bakin da zan goyi bayanta.

Liman ne ya raba gardamar. Yana cikin waɗanda masu binciken suka zauna da su. Ya karɓi kofin, ya tsoma hannu ya shafa mini a goshi, sannan ya dubi Kawu ya ce, "Isa, a sa shi a mota. Addu'a ba sai a tsaye wuri ɗaya ake yin ta ba, za mu yi ta a hanya." Liman ɗin ne ya fara shiga, ya ɗora kaina a kafaɗarsa, bai daina karatu ba har muka isa Rano.

A asibiti suka auna jinina suka ce ya hau ƙwarai, kuma ga alama ya daɗe a haka. Abin da suka fi matsa wa Hajara da shi shi ne yaushe abin ya fara. Ta faɗa musu ba tare da kame-kame ba, domin an riga an gaya musu a wurin sunan nan cewa za a tambaya. A ranar suka tura mu babban asibiti a birni aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwata.

A can na san abin da ban sani ba a lokacinki. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, ba a hannu ko ƙafa ba. Kuma iri biyu ne: ko jijiyar jini ta toshe, ko ta fashe. Maganin wannan ba shi ne na wancan ba, shi ya sa sai an ga hoto kafin a san abin da za a bayar. Tawa toshewa ta yi. Likitan ya ce wa Hajara duk lokacin da aka ɓata, wani sashe na ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa, kuma saurin da ta yi ya taimake ni.

Ba su ba ni abinci ba sai da wata ma'aikaciyar jinya ta gwada ni da ruwa kaɗan a cokali, tana kallon maƙogwarona. Ta bayyana cewa mai wannan ciwo yakan kasa haɗiya, abinci ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya jawo wani ciwon. Da na ji haka na juya fuskata bango. Na tuna tarin da kike yi in an ba ki kunu. Babu laifin kowa, Inna. Ladi ta yi miki abin da 'ya ta gari ke yi, da iyakar abin da aka sani a lokacin.

Ba su bar ni na daɗe a kwance ba. Da jikina ya daidaita suka fara zaunar da ni, daga nan tsayuwa, daga nan taku ɗaya biyu a jikin gado. Mai koya mini motsa jiki ya riƙa kiran Hajara ta tsaya ta gani, yana nuna mata yadda za ta miƙe mini yatsu, da yadda za ta tallafe kafaɗar ba tare da ta ja hannun ba. Ya ce aikin na gida ya fi na asibiti yawa.

Maganar ce ta fi ba ni tsoro. Malamin makaranta ba shi da jari sai bakinsa. Ina ganin kofi, na san kofi ne, sunan ya ƙi zuwa. In ce ruwa sai in ce rana. Amma wani abin mamaki, ranar da Liman ya zo duba ni ya fara Fatiha, sai na ji na bi shi tiryan-tiryan har ƙarshe, babu inda na yi tuntuɓe. Wadda kika koya mini ce, kina tuƙa tuwo ina zaune a gefen murhu. Na kasa neman ruwan sha, amma ita tana nan inda kika ajiye ta. Likita ya ce hakan na faruwa, abin da aka haddace tun ƙuruciya yakan tsira, kuma a yi amfani da shi a jawo sauran. Da ƙananan surori na fara, daga nan gaisuwa, daga nan sunayen 'ya'yana.

Da muka dawo gida na koma kamar yaro mai koyo. Riƙe buta aiki ne. Ɓalla maɓallin riga aiki ne. Akwai ranakun da na yi fushi na ƙi motsa komai, Hajara ta ƙyale ni har in huce, sannan ta dawo ta kama yatsun ta ci gaba kamar ba a yi ba. Malama Sa'adatu tana zuwa a kai a kai ta auna ni, ta tambayi ko ina shan magani. Ta nanata mini cewa maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, jin sauƙin alama ce ta yana aiki.

Ranar da na fara takawa zuwa masallaci, wa kike tsammani ya zo ya riƙe ni? Kawu Isa. Bai ce komai a kan abin da ya wuce ba, ni ma ban tayar ba. Kullum da la'asar zai zo ya tsaya a ƙofar gida ya yi gyaran murya, mu tafi a hankali, shi da sandarsa ni da tawa. Wata rana muna dawowa ya tsaya ya ce, "Da Yaya ta samu irin wannan." Bai ƙarasa ba. Washegari da kansa ya je aka auna shi.

Tukunyar gidanmu ma ta canza. Hajara ta rage gishiri da dunƙule, ta ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Da ke ce kika ɗanɗana miyar farko, na san kallon da za ki yi mata. Yara sun yi ta ƙorafi, ni ma na yi nawa a ciki. Yanzu harshenmu ya saba, har in na ci abinci a wani gidan sai in ji gishiri ya yi yawa.

Na koma makaranta, Inna. Shugaban makarantar ya so ya ba ni aikin zama a ofis don tausayi, na roƙe shi ya bar ni da ajina. Rubutuna a allo ya karkace, ba irin wanda kike nuna wa maƙwabta a takarduna ba ne. Ƙafar dama tana ɗan ja, kuma in na gaji kalma takan ɓace mini a tsakiyar jimla, sai in tsaya in jira ta. Tana dawowa. Ba zan ce miki na koma yadda nake ba, amma ina tsaye a gaban aji ina koyarwa, ina noma gonata, ina sallah a sahu.

Abin da ya ƙara mini ganin girman masu binciken nan shi ne sun dawo. Mun saba da masu zuwa su yi tambaya su tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Waɗannan suka tara mu a ƙofar gidan dagaci, maza a gefe mata a gefe, suka faɗa mana abin da suka gani a cikinmu da Hausar da kowa zai gane. Suka ce hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba, domin sau da yawa ba ya nuna alama. Suka ce ciwon suga da taba da yawan gishiri suna ƙara masa ƙarfi. Suka ce wanda ake bibiyarsa ana tuna masa ya fi riƙe maganinsa, kuma gidan da aka san alamomin nan uku ya fi saurin kai marar lafiya asibiti.

Suka nemi in yi magana. Na miƙe da sandata, na ce jama'a duk kun san mahaifiyata, kun san yadda ta kwanta, ga ni kuma kuna gani. Ciwo ɗaya ne, gida ɗaya. Allah ne mai rayawa, kuma Shi ne Ya sa aka samu waɗanda suka ba da dukiyarsu aka yi binciken, da waɗanda suka taka har ƙofar gidajenmu da shi. Daga ranar Liman ya ba da izini, duk Juma'a bayan an sauko ana ajiye benci a gindin bishiyar masallaci ana auna maza. Ni ne mai kiran mutane. Har Fulanin da ke shigowa sallah daga ruga sun fara tsayawa suna miƙa hannu.

Saura Ladi. Ita ce ta fi ba ni wahala. Duk aiken da na yi mata ta ƙi. Ta ce ita ta ga ciwon nan da idonta fiye da kowa, in aka auna aka ce tana da shi, tsoro kaɗai ya isa ya kwantar da ita, gara ta zauna ba ta sani ba.

Na hau mota na tafi Kahu. Na tarar da ita tana sussukar wake, na zauna a kan turmi. Ban yi mata wa'azi ba. Na ce mata ni ma ban sani ba ne, rashin sanin bai hana shi zuwa ba. Na ce ta yi jinyar uwa, ta zo ta yi zaman asibiti da ni, ba na so 'yarta ta baro ɗakinta ta zo ta yi irin wannan zaman a kanta. Ta ci gaba da aikinta. Can ta ce, "Yaya, in na je za ka shiga da ni?" Na ce zan shiga.

Muka je asibiti aka auna ta. Jininta ya hau, Inna, har ya kusa kai nawa. Ta yi kuka a wurin, ma'aikaciyar ta bar ta ta gama, sannan ta yi mata bayani a hankali ta ba ta magani. Tun daga nan ba ta fasa sha ba. Awon da aka yi mata na baya-bayan nan ya sauko daidai. Yanzu ita ce ke jan matan unguwarsu zuwa awo, kuma kin san bakin Ladi, babu mai tsere mata.

Da sallar da ta wuce ta zo Rurum gaisuwa. Tana zaune a tsakar gida jikarta na wasa a cinyarta, yarinyar ta fizge mata ɗankwali. Sai na ga kanta ya yi fari fat. Na tsaya ina kallo har ta tsargu ta tambaye ni lafiya. Na lissafa a zuciyata, ashe Ladi ta wuce shekarun da kika rasu a cikinsu. Kin san duk garin nan ana cewa kamarku ɗaya. Ban taɓa ganin tsufanki ba, Inna, kin tafi da baƙin gashinki. Ranar na gani. Ya yi miki kyau.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a Aljannar Firdausi. Allah Ya saka wa Hajara da alheri, Ya ƙara wa Ladi da Kawu lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka ba da dukiyarsu da waɗanda suka ba da iliminsu aka yi wannan aiki, mun san su da ba mu san su ba, Allah Ya sa su tarar da shi a mizani. Masu kwance da wannan ciwo a yau, Allah Ya tashi kafaɗunsu, Ya ba masu jinyarsu haƙuri. Amin.

Na bar ki cikin amincin Allah.

Ɗanki,
Auwalu,
daga Rurum Tsohon Gari.